Bar-su

Wata uku ƙafata na cikin karan ɗori,
tun da ɗan acaɓa ya zubar da ni a Kwangila.
Wata uku kana kwance bakin ɗakina,
haɓa kan ƙafafu, kana ƙirga tarina.
To, Litinin zan koma aiki Shika, Bar-su.
Takarda ta zo. Ba ni na rubuta ba.

Da makullin babur na fara.
In ɗauka, in kaɗa, in koma in zauna,
har ƙararsa ta daina ɗaga maka kunne.
Na sa takalmi na zauna shan koko,
na rataya jaka na kwanta rigingine.
Ka yi mini kallon wanda ya zautu,
na ce, haka ake so.

Talata na ja ƙyaure na tsaya a waje,
na ƙirga ashirin, kana karce langa-langa.
Laraba na kai gindin dalbejiya.
Alhamis na ɗingisa har teburin Ɗanlami mai shayi,
kofi na hucewa a hannuna,
kukanka na tsallake katanga uku yana nemana.
Ɗanlami ya ce, "Malam, kare ne fa."
Na ce na sani. Ban sha shayin ba.

An ce kada in yi maka doguwar sallama,
in na dawo kuma kada in nuna ɗoki,
in wuce ka kamar kewayawa na yi.
Wannan darasi ya fi ƙarfin malamin.

Na sayo ƙashin cinya a mahautar Sabon Gari.
Kaskon ruwa biyu ne, ko za ka kifar da ɗaya.
Mangwaro zai ba ka inuwa daga hantsi zuwa la'asar.
Tsohuwar rigar nan mai warin man zafi
da na yi jinya a cikinta, taka ce,
yaga ta in ka so.
Iya Asabe za ta leƙo ta katanga da azahar,
ta jefo maka ƙanzo, ta zage ka kaɗan,
don ka san da mutane a unguwa.

Na san abin da kake tsoro.
Sa'idu ma da jaka ya fita,
ya shafa kanka ya ce yanzu zai dawo.
Aiki ya riƙe shi a Fatakwal, bana shekara huɗu.
Ni ba zan ce maka komai ba. Nuna maka nake,
fita da dawowa, fita da dawowa,
har ƙofa ta koma ƙofa kawai.

Yau Asabar na kai har PZ.
Awa biyu.
Tun daga kwana na kasa kunne.
Shiru.
Na leƙa ta hudar ƙyaure:
kana barci kan rigar, ƙashi a gefe,
ƙuda na yawo a kunnenka, ko motsi.

Na daɗe tsaye da makulli a hannu.
Sai na kaɗa shi kaɗan.