Makarantar Bayan Ƙashin Ƙirji

Da asuba na bi Baba kwata,
ni da tocila, shi da wuƙa.
Ya buɗe ƙirjin ɗan rago,
ya zura yatsa bayan ƙashi, gaban zuciya,
ya ciro wata tsoka mai laushi, fara-fara,
ba ta ko cika tafin hannuna ba.

"Shekara arba'in ina fiɗa," in ji shi,
"ga ƙanana nike iske ta.
Tsohon sa, kitse ne a gurbinta.
Ke da ke ƙetare Kwalkwalawa kullum neman sani,
gaya mini aikinta."

Na ce, Baba, makaranta ce ka riƙe.
Taimus muke ce mata a aji.

Ɗalibanta a ɓargo ake haihuwarsu,
ɓargon nan da kake fasa wa Inna a romo.
Su fito ba suna, ba sana'a,
jini ya ɗauko su yadda Rima ke ɗaukar kwalekwale,
ya sauke su bakin ƙofarta.

A zauren waje kowa zai ƙera mabuɗinsa,
ƙirar lalube, kamar ɗinki cikin duhu,
da wuya ka ga biyu iri ɗaya.

Sannan jarrabawar fari:
a nuna masa shaidar gida,
irin tsagar da makiyayi ke yi wa kunnen akuya.
In ya gane ta, a ce zauna.
In bai gane ba, ba duka, ba zagi,
ba mai sake kiransa ne kawai,
sai ya kwanta ya mutu shiru.

Ta biyu na ɗakin ciki, ta fi zafi.
Can aka tara ɗanɗanon jiki duka,
kaɗan na hanta, kaɗan na ido, kaɗan na fata,
kamar teburinka ranar kasuwa,
kowane yanki da wurinsa.
Wanda ya zabura ya kai wa ɗan gida cafka,
nan take kwanansa ya ƙare.
'Yan ƙalilan cikin masu zafin kan
ake sanyaya wa zuciya,
a naɗa su masu rabon faɗa.

Cikin ɗari, Baba, da ƙyar biyar ke fita.
Wasu masu yekuwa ne, su tara gayya in baƙo ya shigo,
wasu masu sara.
Ƙwayoyin Ti ke nan,
harafin makarantarsu suka ɗauka ya zame suna.

Bai ce komai ba.
Ya goge wuƙa a gefen wando,
ya daɗe yana duban tabon babban yatsansa.

"Mu goma sha biyu ne wurin Kakale," ya ce.
"Wanda bai gane gaɓa ba ya koma gona.
Namakka ya ɗaga wa ƙanensa wuƙa, da wasa ma,
bai sake taka runji ba.
Mu biyu muka gama."

Sai ya dafa ƙirjinsa da hannun da ba jini.
"To, tawa fa, ɗiyata?"

Taka ta fara rufe azuzuwa tun kafin gemunka ya cika.
Kitse ya gaje filin, saura ɗan lungu.
Amma ɗaliban da ta yaye suna nan suna sintiri,
da su aka tashe ka daga masassarar bara.

Gari ya waye, zafin Sakkwato bai jira hantsi ba.
Karen kwata ya matso yadda ya saba,
yana kaɗa wutsiya, ido a kan hannun Baba.
Ya jefa masa guntun huhu.
Ita kuwa ya naɗe ta a takardar siminti,
ya saka mini cikin jaka, kusa da littafi,
ya juya ya amsa sallamar mai sayen cinya.