Tebur Mai Fukafukai

Ɗakinmu na Bukoki kamu bakwai ne,
in an cire inda buhun gero yake tsaye
da ɗan filin da ƙyaure yake nema in zai buɗe.
Asumana ya auna da igiyar guga,
ya yi ƙulli inda bango ya ce masa tsaya.
Muka naɗe igiyar, muka nufi Katako.

Asabar ce, rana ta take tsaka,
garin zarto yana manne wa gumi.
Sahabi kafinta, fensir a bayan kunne,
manuninsa na hagu saura rabi,
bai tambayi nauyin aljihunmu ba.
Ya ce: Ku nawa ne?

Asumana ya ce: Biyu.
Na ce: Tara.
Kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Biyu ne daga Litinin zuwa Litinin,
kwano ɗaya, cokali biyu, rediyo na ukunmu.
Tara ne in motar Tawa ta sauke
Habsu da ƴaƴanta huɗu, sun zo ganin likitan ido,
da Nomau, mai kwana uku a hanyar Abijan
wanda kwana ukunsa kan kai ganin wata,
da Inna.

Inna ce dalili, ban dai faɗa ba.
Bara na ga yadda take sauka kan tabarma,
hannu a bango, hannu a gwiwa,
tana salati kamar mai shiga rijiya.
Tashinta kuwa, sai da mu biyu.

Akwai na gilashi, ɗan ƙasar waje,
ina ganin ƙafata ta cikinsa.
Na tuna autan Habsu da muciya a hannu, na wuce.
Akwai mai tsagewa a tsakiya a ƙara masa allo,
amma allon ina zai kwana?
Ƙarƙashin gado ya cika tun ranar da na tare.

Na ukun yana jingine a lungu,
siriri, ya sauke fukafukai
kamar zabuwar da ruwa ya daka.
Sahabi ya ɗaga ɗaya, ya tura masa sanda a ƙasa,
ya ɗaga na biyun,
ya haye kai ya zauna da duk nauyinsa.
Bai ce ƙis ba.

Asumana ya shimfiɗa igiya.
A naɗe, ya bar taƙi uku kafin ƙulli.
A buɗe, ya zarce ƙulli da tafin hannu.
Ya dube ni. Na dubi wani wuri.

Jika arba'in da biyar. Albarka.
Muka yi kamar za mu tafi, har bakin masu kwanon rufi.
Talatin da takwas, da kuɗin amalanke a wuyanmu.

Inna ta zo bayan girbi.
Ta shafa shi, ta ce: Wannan gadon na wane ne?
Amma ta zauna, zama ɗaya, babu salati.
Muka buɗe fukafukan duka biyu,
dambu da zogale a tsakiya, yaji a murfin kwano,
yara uku bisa jarkoki, ɗaya a cinyata.

Sai Nomau ya tashi zai fita shan iska.
Ƙyaure ya bugi gefen tebur, ya tsaya.
Tafin hannun nan ne.
Inna ta yi dariya har da tari,
ta ce: Zauna. Wanda ya shigo ya shigo.
Nan muka yi hira har aka ɗauke wuta.

Yanzu sun koma.
Ya sake yin siriri a jikin bango,
rediyo a kansa, da makullin babur.
Nakan goge fukafukan ran Juma'a, ko da ba su yi ƙura ba.
Asumana bai kwance ƙullin igiyar ba,
da ita muke shanya.