Takalman da Ba a Zo Karɓa Ba

Kwana tara ke nan, Kumasi,
sai yau na buɗe akwatin aikina.
Basilla ta yi tsatsa a baki,
zare ya sha laima,
gam ya daskare a gwangwani kamar mai fushi da ni.

Takalman mutum huɗu na tarar a ciki.

Farin nan na Adutumwa ne, nas mai aikin dare.
Dunduniya ta ce in sake masa.
Na ce sidi goma, ta ce takwas,
muka yi ta ja, tana dariya, ina rantsuwa.
Tun ranar nake lissafi ɗaya:
da na sallama mata tun farko,
da motar da ta riga tashi ta samu?
Sidi biyu, Kumasi.
Ko kokon safe ba su saye.

Ƙaramin nan na Tanimu ne, ɗan aji uku,
wanda ƙwallo ta wangale wa baki.
Ɗazu uwarsa ta gifta da tiren ƙosai,
na tura shi ƙarƙashin benci da ƙafata.
Ta gani. Ba ta tsaya ba.

Sauran biyun ban san sunan masu su ba.
Ɗaya yana cinye gefen hagu,
ɗaya mai nauyin taku ne.
Iyakar abin da zan iya shaida ke nan.

Ni ban ga komai ba.
Ƙusa uku ke leɓena lokacin da ƙasa ta yi tari,
jemagu suka tashi da rana tsaka
suka rufe sama ta wajen Kejetiya,
sai shiru,
irin shirun da ban taɓa sanin kina da shi ba,
ke da ko a tsakar dare wani na kiran fasinja.
Har yanzu kunnena na dama yana can bai dawo ba.

Da dare rediyo ya karanto sunayen waɗanda ake zargi,
sunaye masu kama da nawa.
Obeng mai gyaran agogo,
shekara goma sha tara inuwarmu ɗaya,
ya dubi hulata yau da safe, ya daɗe yana duba.
Na so in ce masa: kakana da jakuna ya zo fataucin goro,
yana kwance a Tafo,
cibiyata tana Aboabo, bayan wani famfo da ya daina zuba.
Ban ce ba. Wa ke nuna wa uwarsa takardar haihuwa?

Da azahar ya turo ɗansa da dokunu biyu da kifi.
Bai ɗago ba, ban ɗago ba.
Barkonon ya yi yawa.
Shi na ɗora wa laifin idona.

Kin san ba don kyau nake son ki ba.
Kwatocinki na ambaliya, hanyoyinki na cin tafin takalmi,
da wannan cin nake ci.
Ina son ki don ruwan la'asar a kan kwano,
da yadda mai burodi ke yi mini Tonanci
ina mayar mata da Hausa, ciniki kuma ya faɗa.

Na sake wa farin dunduniya.
Na ɗinke bakin na Tanimu, ɗinki biyu, don ƙwallo.
Na jera su suna kallon titi.

Yanzu ga wata 'yar dako ta tsaya,
kwanonta a ka, silifa a hannu, igiya ta tsinke.
Ta ce, nawa?
Na ce, abin da ya samu.
Ga basilla a hannuna tana rawa.
Ban sani ba, Kumasi,
in yi sauri ta tafi,
ko in ja aikin ta ɗan ƙara zama.