Kilo Nawa Ne Ƙa?

A bayan shagon Tudun Wada,
inda gara ta gama da ƙofa,
na jawo aljihun katako na bakwai,
baƙaƙen kakana suka motsa
kamar tsakuwa a cikin ƙwarya.

Darma ce zalla, kowa da ɗakinsa.
Baba Tanimu ya ce da suka sauka daga jirgin ƙasa
e ce tuli, ta cika gida,
a kuwa, uwar maganarmu,
ba ta kai rabin shafi take ƙarewa.
Sai ya warware na jiya ya ɗaura na yau,
aron a daga bakin wani zuwa bakin wani.

Ba su zo da ƙa ba.
Ba ɗa, ba ɓa.
Baƙi ya koma baki, ƙafa ta zama kafa,
mai neman ɗaki aka ba shi daki.

Shi ne ya naɗe k a gefen rawani
ya taka har Ƙofar Kuyambana,
wajen Jatau maƙeri, wanda bai san boko ba.
Jatau ya ce, faɗi in ji.
Ya faɗa. Ya ce, sake.
Ya ce, to, wannan a maƙoshi take lanƙwasa.
Kwana uku zarto na cin ƙarfe,
aka zuba darma, ta fito da ƙugiya a ka,
ta ɗan karkace, kamar hular mai zafin kai.

Daga dama yake karanta su, a juye,
yana dariya: ashe boko ma
kafin ya sha tawada ajami ne.

Yau ɗan gwangwan na tsaye da sikeli.
Ya ce, Hajiya, darma darma ce,
ba ruwan wuta da abin da aka rubuta.
Mutanen Samaru sun ce za su zo da mota,
damina biyu ke nan.

Na ce masa ya dawo jibi.
Jibi ma haka zan ce.

Na tsamo ta Jatau da hantsaki,
na wanke mata fuska da kananzir,
na shafa baƙin tukunya,
na danna a tafin hannuna.

Ga ta nan, ta miƙe daidai.
Karkacewar tana nan.
Ban wanke hannun ba sai da aka kira la'asar.