Mai Naɗe Fuskoki

Rediyo ta ce guguwa na tafe daga teku,
kafin la'asar a sauke duk tallan Manila.
Sai Crisanto ya ɗaura igiya a ƙugu,
ya sumbaci ɗan gicciyen da ke wuyansa,
ya kama ƙarfe, ya hau.

Hawa goma sha biyu sama da gadar Guadalupe
akwai wata mace da ba ta taɓa gumi ba.
Haƙorinta ɗaya ya fi ƙofar ɗakinsa faɗi.
Wata bakwai tana yi wa cunkoson motoci murmushi,
tana ce wa masu jiran bas: ku yi fari, ku yi kyau.
Shi kaɗai ya san cewa daga kusa
ba kowa ba ce, ɗige-ɗigen fenti ne
da kashin tsuntsu a kumatu.

Ya kwance ƙullin farko, iska ta mare shi.
Efren na can ɗaya gefen yana ihu, ba a ji.
Suka naɗe ta kamar tabarma,
goshi ya shige, ido ya shige,
murmushin ne ya yi gardama
sai da suka danne shi da gwiwa.

Abin da ya rage haƙarƙarin ƙarfe ne tsirara,
ta tsakaninsa ana hango kogin Pasig
da wani yankin sama da ba a ba kowa haya ba.
Wata tsohuwa a tasha ta ɗaga kai:
ashe akwai hasumiyar coci a bayanta?

Da dare ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.
A gidansa na bakin rafi kwanon rufi ya daɗe da sallamawa,
tamfol ɗin tallan bara ne ke riƙe da su,
wanda maigida ya ce a zubar, shi kuwa ya roƙa.
Rabin hoton gidan bene ne mai lambu,
an rubuta: Mallaki naka yau.

Luningning, 'yarsa mai shekara shida,
ta kwanta rigingine, fitila na rawa,
tana ƙirga tagogin da ke kife a kanta.
Baba, wanne ne ɗakina?
Ya nuna mata wanda ba ya yoyo.

Gobe, in iska ta huce,
zai koma ya warware matar,
ya mayar wa birni haƙoranta,
a ba shi kuɗin shinkafar kwana uku.