Ɗaki na Sha Ɗaya

A ribaɗin da ke bayan Bab Makka,
inda Jidda ta tsufa ta jingina da katako,
aka ba ni ɗaki na sha ɗaya.
Gado ɗaya, taga ɗaya,
da na'urar sanyi mai tari irin na Kuluwa ta ɗakin gaba.

Ba na kwana da yunwa, kada in ɗauki alhaki.
Shinkafa na zuwa cikin farar roba,
cinyar kaza kwance a kai,
dabino kuwa har ya gundure mu.
Sai dai mai dafawa bai san sunana ba,
ni ma ban san nasa ba.
Abincin da ba ka san hannun da ya tuƙa ba
a ciki yake tsayawa, ba ya ƙarasawa zuci.

Ina 'yar shekara bakwai muka tsallako daga Sawakin,
ƙanena a bayana, buta a hannun Baba.
Na sayar da soyayyar gyaɗa a Karantina
har ƙwayar idona ta yi hazo.
Na yi wankau a gidajen da yanzu babu ko tubalinsu.
Na binne miji, na binne 'ya.
Ɗan da ya rage yana Dammam,
yakan kira ran Juma'a
in aiki ya sake shi.

Yarinyar da ke auna jinina tana da kirki,
"Ya Hajja" take ce mini, hannunta da sanyi.
Amma Tasalla aka raɗa mini.
Wata uku ban ji shi a bakin kowa ba,
sai in dare ya raba in kira kaina a hankali
don kada sunan ya yi tsatsa.

Kuluwa ta manta ko yau wace rana ce,
ba ta manta kaɗa miyar kuka ba.
Jiya wani alhaji ya bar mana ƙulli guda
da daddawa ƙwaya uku.
An hana wuta a ɗaki.
Muka tura ƙofa, muka toshe ƙasanta da tsohon zane,
na jawo rishon da na ɓoye a ƙarƙashin gado.
Kafin la'asar daddawa ta tona mana asiri.
Ta ɗaki na huɗu ta dogaro sanda,
'yar Yaman ɗin nan da ba ta kula kowa
ta zo da cokalinta a hannu.
Mai gadi ya leƙo, ya buɗe baki zai yi faɗa,
Kuluwa ta miƙa masa kofi.

Da safe suka ɗauke rishon.
Yarinyar ta auna ni, ta girgiza kai,
wai gishiri ya hau da jinina.
To, ya hau.

Ɗazu aka ƙwanƙwasa ƙofa.
'Yar Yaman ce, harshenta na tuntuɓe,
ta ce, "Tasalla."
Na ce, shigo.