Alfadari

A tsohon gwangwanin Inna Ige na tsince shi,
Tsakanin maɓallai, allurai da 'ya'yan wuri.

Kwabo ne mai huji, na zamanin Turawa,
Ya yi baƙi ƙirin, amma yana nan da tauri.

Na kai wa Malam Nomau, mai gyaran agogo,
Bayan tashar jirgin Ƙaura, can ƙarshen gari.

Ya maƙala ɗan gilashinsa a ido guda,
Ya juya, ya sake juyawa, ya daɗe yana nazari.

Ya ce, “Labbo, duba nan: sunan sarkin Ingila.
Juya bayan: tauraro, ga shekara a sarari.

“To yi lissafi. Ran da aka buga kwabon ga,
Mai sunan ya shekara huɗu a cikin kabari.

“Ɗiyatai ke mulki, sunanta ya kamata,
Sai ga uban ya dawo, ba sallama, ba tambari.

“Kowane kuɗi hatimi biyu ke haihuwa tai,
Na sama da na ƙasa, su matse shi kamar maƙeri.

“Wani ma'aikaci ya ɗauko tsoho daga ma'aji,
Ya haɗa shi da sabo, ko gyangyaɗi ne ko sauri.

“Masu tara tsoffin kuɗi sun raɗa mai suna,
In ka juya shi da Hausa, shi ne alfadari.

“Uba jaki, uwa goɗiya. Ka gane?
Kowa da gidansu, kowa da nasa iri.

“Wanda bugu ya goce, ko bakinsa ya gutsure,
Kuskure ne, amma ba a yi masa wannan kirari.

“Shi ko wanga, kowace fuska lafiya lau take,
Auren ne kawai aka ɗaura babu shiri.

“Kuma bai haihuwa. Da an farga, an cire hatimin,
'Yan da suka kuɓuce ne ke yawo gari-gari.”

Na yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki,
Don maganar ta taɓa ni inda babu haƙuri.

Ubana jirgi ya kawo shi tun daga Ofa,
Yana ƙwanƙwasa tayoyi da guduma don gudun haɗari.

Uwata fura take damawa a bakin dogo,
Nan suka daidaita, dangi na ta tsegumi da gori.

A rajistar makaranta, Labbo Oyewole,
In an kira, ajin ya kece da shewa kamar an ga biri.

A Ƙaura ni ne ɗan Bayarabe har gobe,
Da na je Ofa jana'iza, suka ce ga Gambari.

Na ce, “Malam, tambaya ɗaya: ya kashu kuwa?
Ko mai tebur ya jefar, ya ce jabu ne, giri?”

Ya ce, “Dubi yadda ya suɗe! Hannu nawa ya ratsa?
Ya sayi ƙosai, ya sayi kananzir da gishiri.

“Mai jin yunwa ba ya karanta bayan kwabo,
Sai mu da muka ƙoshi muke tonon asiri.”

Ya taya da kuɗin buhun gero, na yi shiru,
Ya ƙara rabin buhu, na ce, “Malam, bari.”

Ya ce, “To kada ka goge shi da toka ko tsamiya,
Dauɗar ita ce shaidarsa, ita ce labari.”

Ya koma kan agogon da ya buɗe tun hantsi,
Na zura zare a hujin, na yi masa ɗauri.

Yanzu yana reto tare da makullin babur ɗina,
Yana ƙara in na faɗa rami a hanyar Shinkafi,
Fuska biyu, ƙarfe ɗaya, muna tafe da alheri.